Takobi da Gilashi a Ƙasar Japan

Ƙasar Japan tsibirai ce a cikin teku, can gabas da ƙasar Sin da Koriya. A wani tsohon birninta da ake kira Nara akwai wata taska ta katako mai suna Shosoin. Cikin shekara ta 756 aka fara ajiya a cikinta, sa'ad da Sarki Shomu ya rasu, matarsa Komyo ta tattara kayansa ta ba da su sadaka ga babban ɗakin ibada na garin. Har wa yau taskar tana nan tsaye, kayanta kuma ana kiyaye su. A cikinsu akwai takuba fiye da hamsin, akwai kuma wani ƙoƙon gilashi mai zane wanda aka yi a ƙasar Farisa, fatake suka ratso ƙasashe da shi har ya iso Japan. Ƙarfe tsatsa ke cinsa, gilashi kuwa faɗuwa ɗaya ta ishe shi, amma ga waɗannan sun yi shekaru aru-aru ba su lalace ba.

Duk da haka, tarihin waɗannan abubuwa biyu ya nuna cewa adana kaya ya fi adana sana'a sauƙi. Kaya ana iya kulle su a taska. Sana'a kuwa ba ta da taska sai hannun mai yinta, in bai koya wa wani ba, da ita za a binne shi. Ƙirar takobi sau biyu tana kai bakin kabari tana tsira, domin kullum akwai gwanin da ya rage. Gilashin lardin Satsuma kuwa da gwanayensa suka watse sai da ya shekara ɗari ba a yinsa.

Asalin Takobin Japan

Da fari takuban Japan miƙaƙƙu ne, irin na Sin da Koriya, domin daga can aka koyo ƙirar. Wajen ƙarni na 10 maƙeran ƙasar suka soma yin wani iri nasu na kansu, mai kaifi ɗaya, mai ɗan lanƙwasa, wanda ya fi daɗin sara ga mahayin doki. A wannan zamani ne kuma baraden ƙasar, waɗanda ake kira samurai, suka fara ƙarfi. Daga 1185 mulki ya koma hannunsu, babbansu shi ake kira Shogun, wato sarkin yaƙi. Sarkin ƙasa yana nan a fadarsa ta Kyoto da girmansa, amma iko yana wurin Shogun.

Zamanin da Shogun ke zaune a garin Kamakura, daga 1185 zuwa 1333, shi ne masana suka ce ƙira ta kai matuƙa. Wani sarki mai suna Go-Toba, bayan ya sauka daga gadon sarauta, ya riƙa kiran gwanayen maƙera zuwa fadarsa bi da bi, suna ƙira a gabansa. Wannan ya ɗaukaka darajar sana'ar ƙwarai. Cikin 1274 da 1281 rundunar Mongol ta ƙetaro teku ta kawo wa Japan yaƙi, ba ta ci nasara ba. Bayan wannan yaƙi ne Masamune ya bayyana a Kamakura, wanda har yau ake ɗauka shi ne uban maƙeran ƙasar. Larduna biyar suka fi shahara da ƙira, su ne Yamashiro da Yamato da Bizen da Sagami da Mino, kowanne da salonsa, har masani in ya dubi takobi yakan faɗi lardin da aka yi shi da zamanin.

Yadda Ake Ƙera Shi

Japan ba ta da tama mai yawa. Abin da take da shi wani baƙin rairayi ne mai ƙarfe a ciki, wanda ake wankowa daga duwatsu da rafuka. Akan gina wani babban murhu na yumɓu da ake kira tatara, a hura wuta, a yi ta zuba rairayin da gawayi, ana zuga, kwana uku dare da rana ba hutawa. Akan ci wajen tan 10 na rairayi da tan 12 na gawayi. Shugaban aikin ba shi da ma'auni sai idonsa da kunnensa, daga launin harshen wuta da ƙararta yake gane abin da ke gudana a ciki. Ran na huɗu a rushe murhun, a jawo wani curin ƙarfe mai nauyin wajen tan biyu da rabi. A farfasa shi, a zaɓi mafi kyau, shi ake kira tamahagane.

Wahalar maƙerin takobi ita ce, ƙarfe mai tauri yana riƙe kaifi amma yana karyewa, mai taushi kuwa ba ya karyewa amma yana lanƙwashewa ya dakushe. Dabarar da suka yi ita ce haɗa biyun a takobi guda. Maƙeri zai gasa ƙarfen, almajiransa su buge shi da masaɓa, ya tsaga shi ya ninka, a sāke gasawa a buga. Haka za a yi ta yi sau goma, ko har goma sha biyar. Kowane ninki yana fitar da datti, yana kuma daidaita ƙarfen. In an ninka sau goma, ƙarfen ya zama falle 1,024 ke nan, in sau goma sha biyar ne ya zama 32,768. Sa'an nan a naɗe ƙarfe mai taushi a cikin mai tauri, a miƙar da su tare har su yi siffar takobi, tsawonsa ƙafa biyu da 'yan kai.

Saura aiki mafi hatsari. Maƙeri zai kwaɓa yumɓu da garin gawayi da garin dutse, ya shafe takobin, da kauri a gadon baya, da sauƙi a wajen kaifi. Sai ya bari dare ya yi, ko ya rufe maƙerar ta yi duhu, domin ya ga launin ƙarfen sosai. In ya yi ja daidai yadda yake so, sai ya tsoma shi cikin ruwa farat ɗaya. Bakin kaifi, da yake yumɓunsa kaɗan ne, nan da nan yake hucewa ya yi tauri. Baya kuwa a hankali yake hucewa, ya zauna da taushinsa. A cikin ruwan nan ne takobin ke ƙara lanƙwasa, a nan ne kuma wani farin zane ke fitowa a gefen kaifi, kamar gajimare ko igiyar ruwa, wanda ake kira hamon. In zafi ya yi yawa ko ya gaza, takobin ya tsage, aikin makonni ya tashi a banza.

Maƙeri ba shi ke gama takobi ba. Daga hannunsa sai wurin mai wasawa, wanda zai zauna da duwatsu iri-iri, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ya yi mako biyu ko uku a kan takobi guda. Shi ke fito da zanen da ke ɓoye cikin ƙarfen. Koyon wannan aiki kaɗai yakan ci shekara goma. Bayansa akwai mai kube, da mai naɗin ƙota, da mai ƙera abin tsare hannu. Gidan Hon'ami su ne suka gaji wasa takuba da tantance su, a dā kuwa takardar shaidarsu ita ke yanke wa takobi daraja.

Zamanin Salama da Zuwan Gilashi

Cikin 1543 waɗansu Turawan Fotugal suka sauka a tsibirin Tanegashima da bindigogi, ba da jimawa ba maƙeran Japan suka koyi ƙera su. Cikin 1588 mai mulkin ƙasa, Hideyoshi, ya ba da doka a karɓe makamai daga hannun manoma, ya ce wai za a narke su a yi ƙusoshin wani babban gunki. Daga 1603 gidan Tokugawa suka karɓi mulki, suka zauna a Edo, garin da yanzu ake kira Tokyo, ƙasa ta sami salama fiye da shekara 250. Takobi ya zama alamar daraja. Barde ne kaɗai ke da ikon soka takuba biyu a ɗamara, dogo da gajere.

A cikin wannan salama ne sana'ar gilashi ta yi tsiro. Tun da Shogun ya rufe ƙasa, ba Baturen da ke ciniki da Japan sai mutanen Holan, su ma a garin Nagasaki kaɗai. Ta nan kwalabe da tambulan masu zane ke shigowa, mutanen ƙasa suna gani suna kwaikwayo. Cikin 1834 wani mai sayar da gilashi a Edo, Kagaya Kyubei, ya soma yanka zane a jikin gilashi da garin dutse mai kaifi. Irin wannan aiki shi ake kira kiriko, wato yankakken gilashi.

Can kudu kuwa akwai lardin Satsuma, babban birninsa Kagoshima, gidan Shimazu ke sarauta. Cikin 1846 sarkin lardin, Narioki, ya buɗe gidan haɗa magunguna, ya ga yana bukatar kwalabe masu ƙarfi, sai ya aiko Edo aka kai masa gwanin gilashi. Ɗansa Nariakira ya gaje shi cikin 1851. Shi mutum ne mai son ilmin zamani, ya gina ma'aikatu na zubin igwa da na gilashi a wuri guda. Ma'aikatansa suka gano yadda ake rina gilashi ja da jan ƙarfe da zinariya, abin da ba a taɓa iyawa ba a Japan. Sukan lulluɓe farin gilashi da mai launi, da kauri, sa'an nan su yanka zane a ciki. Inda yankan ya yi zurfi launin ya dushe, inda bai yi ba ya turu, sai ƙoƙon ya fito ja yana narkewa cikin fari a hankali. Nariakira yakan aika wa Shogun da sauran sarakuna kyautarsu. Mutum fiye da ɗari ke aiki a gidan gilashin nan.

Yadda Takobi Ya Ja wa Gilashi

Nariakira ya rasu cikin 1858, shekara bakwai kacal da hawansa. Waɗanda suka biyo bayansa suka ga ma'aikatun suna cin kuɗi, suka rage su ƙwarai. Cikin 1862 mahaifin sabon sarkin Satsuma yana tafe da ayarinsa, a ƙauyen Namamugi kusa da Yokohama, sai suka yi kiciɓis da Turawan Ingila huɗu bisa dawaki. Al'adar ƙasa ita ce a sauka a ba da hanya, su kuwa ba su sauka ba. Barade suka zare takuba suka sare ɗayansu, mai suna Richardson, ya mutu. Ingila ta nemi diyya da waɗanda suka yi kisan, Satsuma ta ƙi. Cikin watan Agusta 1863 jiragen yaƙin Ingila bakwai suka zo suka buɗe wa Kagoshima wuta. Cikin abin da ya ƙone har da ma'aikatun Nariakira.

Cikin 1868 mulkin Shogun ya faɗi, iko ya koma hannun Sarki Meiji. Sabuwar gwamnati ta kafa soja irin na Turai, cikin 1876 kuma ta hana kowa yawo da takobi sai soja da 'yan sanda da manyan ma'aikata cikin kayan sarauta. Barade suka ji an tuɓe musu girma, ga shi kuma an soke musu albashin gado. Cikin 1877 na Satsuma suka yi tawaye a ƙarƙashin Saigo Takamori, sojan gwamnati suka murƙushe su. Wajen wannan lokaci ne ɗan abin da ya rage na aikin gilashin Satsuma ya mutu. Gwanayen suka watse, waɗansu suka nufi Tokyo da Osaka, ba wanda ya gaje su a gida.

Maƙeran takuba su ma suka rasa masu saye. Da yawa suka koma ƙera wuƙaƙe da almakashi da kayan noma, shi ya sa har yau garin Seki ya yi suna da wuƙaƙe. Amma 'yan kaɗan suka ƙi bari. Wani maƙeri na Osaka, Gassan Sadakazu, ya daure da talauci ya ci gaba da ƙira yana koya wa ɗansa. Cikin 1906 fadar Sarki ta naɗa shi gwanin fada, shi da wani maƙeri Miyamoto Kanenori. Da haka sana'ar ta ƙetare masifa ta fari.

Masifa ta Biyu

Ta biyu ta fi ta fari tsanani. A yaƙin duniya na biyu hafsoshin Japan sun rataya takuba, mafi yawansu na inji ne, an kuma yi ta'asa da su a ƙasashen da Japan ta mamaye. Da aka ci Japan cikin 1945, sojan Amurka suka hana ƙira, suka ba da umurni a kawo dukan makamai. Takuba masu ɗimbin yawa aka narke, waɗansu aka zuba cikin teku, waɗansu soja suka tafi da su gida. Cikin watan Disamba 1945 magajin gidan Tokugawa ya kai takubansa ofishin 'yan sanda na Mejiro a Tokyo. A cikinsu akwai Honjo Masamune, takobin da Shogun ke gada daga Shogun. Tun daga farkon 1946 ba a sāke ganinsa ba.

Waɗansu masana, irin su Homma Junji da Sato Kanichi, suka yi ta zuwa wurin hukumar soja suna bayyana bambancin takobin inji da na gwani. Wani kanar na Amurka, Cadwell, ya saurare su, aka yarda a ware takuban da ke da darajar fasaha. Cikin 1948 suka kafa ƙungiyar kiyaye takuba, cikin 1953 kuma aka sāke ba da izinin ƙira. Shekara takwas aka yi ana hana ƙira, amma gwanayen suna da rai. Cikin 1955 gwamnati ta ba Takahashi Sadatsugu, almajirin gidan Gassan, laƙabin da take ba gwanin da ya zama dukiyar ƙasa tun yana raye. Cikin 1971 jikan Sadakazu, wato Gassan Sadaichi, shi ma ya samu.

Saura ƙarfe, domin murhun tatara na ƙarshe ya mutu tun 1945. Cikin 1977 ƙungiyar ta sāke gina shi a lardin Shimane, ta nemo wani tsoho, Abe Yoshizo, wanda ya shugabanci aikin a dā, ya hura wutar ya koya wa matasa. Daga wannan murhu maƙera ke samun ƙarfe, akan hura shi da lokacin sanyi. Doka ta ce sai mutum ya yi almajiranci shekara biyar, ya ci jarrabawa, kafin a ba shi izinin ƙira, kowane takobi kuma sai an yi masa rajista.

Gilashin Edo bai taɓa yankewa ba. Gwamnati ta riƙe gidan gilashi a Shinagawa, cikin 1881 ta ɗauko wani gwani daga Ingila, Hauptmann, ya koya wa matasa yanka da dutsen juyi, almajiransu suka ci gaba har yau. Na Satsuma kuwa sai cikin 1985 zuriyar Shimazu suka ɗaura niyyar tā da shi a Kagoshima. Ba malamin da za a tambaya. Sai tsofaffin ƙoƙuna 'yan kaɗan da hotuna aka yi ta dubawa, ana aunawa, ana gwadawa ana ɓatawa, kafin a gane abin da gwani ɗaya zai iya nunawa cikin yini guda.

Yadda Ake Kiyaye Su

Babban abokin gaban takobi shi ne laima. Ba a taɓa ƙarfensa da hannu, domin gumi yana haifar da tsatsa cikin 'yan kwanaki. Ba a magana a kansa, don kada yawu ya fantsama, mutanen dā ma takarda suke cizawa in za su duba shi. Bayan 'yan watanni akan zare 'yar turakar gora da ke riƙe da ƙota, a goge tsohon mai da takarda mai laushi, a shafa sabo kaɗan, wanda akan sa wa ɗigon man kanumfari. Ba a ajiye takobi cikin kubensa na ado. Akwai wani farin kube na icce, wanda aka manne da tuwon shinkafa domin a iya tsaga shi a share cikinsa, a nan takobi ke kwana, a kwance, kaifi yana duban sama.

Abu biyu ne masu ajiya suka fi jan kunne a kai. Na fari, kada mutum ya ga tsatsa ya ɗauki dutse ko magagari ya ce zai gyara da kansa, sai a kai wa gwani, domin kowace wasawa tana rage ƙarfe, abin da ya tafi kuwa ba ya komowa. Na biyu, gindin ƙarfen da ke shiga cikin ƙota ba a goge shi ko kaɗan. A nan maƙeri ke sassaƙa sunansa, baƙar tsatsar da ke wurin kuma ita ke shaida shekarun takobin. Wanda ya goge ta don ta yi ƙyalli ya zubar da mafi yawan darajar abinsa.

Gilashi kuwa zafi da sanyi yake tsoro. Ba a zuba masa tafasasshen ruwa, ba a kuma fitar da shi daga ɗumi a tsoma cikin sanyi. Ɗaya-ɗaya ake wankewa, da hannu, da ruwa mai ɗumi-ɗumi da soso mai laushi, a shimfiɗa tsumma a ƙasan kwano don kada ya bugu. A bi ramukan zanen da buroshi mai taushi, a goge shi ya bushe sarai. Ba a ɗora wani cikin wani, domin gilashi yana karce ɗan'uwansa.

Masu ajiyar takuba a Japan sukan ɗauki kansu masu riƙon amana. Takobin da aka ƙera a zamanin Kamakura ya bi ta hannun mutum wajen ashirin ko talatin kafin ya iso yau, da ɗaya daga cikinsu ya yi sakaci shekara biyu ko uku da tsatsa ta ci shi. Kowace shekara da kaka akan fito da waɗansu kayan taskar Shosoin a gidan tarihi na Nara, mutane su zo daga ko'ina su gani, bayan 'yan makonni a mayar da su a rufe. Honjo Masamune kuwa har yanzu ana cigiyarsa.